Teɓa da ciwon dajin hanji: amsa ga Alhaji daga Garwa

Wani ɗan kasuwa daga Garwa ta ƙasar Kamaru ya aiko da wannan tambaya: "Likita, yayana uwa ɗaya uba ɗaya ya rasu bara a Yawunde, an ce ciwon dajin babban hanji ne. Shekararsa 52 lokacin da aka gano. Likitan da ya duba shi ya ce teɓa tana cikin abubuwan da ke kawo wannan ciwo. Ni shekarata 46, tsawona mita 1.72, nauyina kilo 96, kuma duk gidanmu masu jiki ne. Ta yaya kitse zai kawo daji a hanji? Ni kuma me ya kamata in yi?"

Alhaji, Allah ya jiƙan Yaya, ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, ku kuma ya ba ku haƙurin rashi.

Gaskiya likitan ya faɗa muku. Akwai hukumar binciken ciwon daji ta duniya, mazauninta birnin Liyon a Faransa, a ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya take. A shekarar 2016 ta tara masana suka bi ɗaruruwan bincike ɗaya bayan ɗaya, suka tabbatar cewa ƙiba mai yawa tana ƙara haɗarin ciwon daji iri 13. Na babban hanji yana ciki, tare da na hanta, na ƙoda, na mahaifa, da na nono ga matan da al'ada ta ɗauke musu. Sai dai a riƙe maganar daidai gwargwadonta. Ga babban hanji, mai teɓa ya fi mai matsakaicin jiki haɗari da kusan kashi 30 cikin 100, kuma abin ya fi ƙarfi ga maza. A ƙasashen da ciwon ya yi yawa, wajen mutum 4 cikin 100 ne ke gamuwa da shi a tsawon rayuwarsu. Idan ka ɗora teɓa, sai su zama wajen 5. Ke nan akasarin masu ƙiba ba za su taɓa yin sa ba, kuma ni da hannuna na yanke shi daga cikin mutanen da ba su da ko tsokar kirki a jikinsu. Kada wani a gidanku ya zauna yana zargin mamaci cewa shi ya jawo wa kansa.

Yanzu ga yadda abin ke faruwa. Ka tuna ragon layya. Idan mahauci ya feɗe shi, kitse iri biyu kake gani. Akwai na ƙarƙashin fata, a gadon baya da gindin wutsiya. Idan kuma ya farke ciki, akwai wani farin mayafi mai kamar raga shimfiɗe a kan kayan ciki, da wani kitsen da ya cika shimfiɗar da ke riƙe da hanji. Ɗan Adam ma haka yake. A ɗakin tiyata, idan na buɗe cikin manomin da ke yini a gona, mayafin nan siriri ne, kana hango jijiyoyin jini ta cikinsa. Idan na buɗe na mutumin da ke yini a kan kujerar shago, sai in tarar kaurinsa ya kai yatsu uku, rawaya, mai nauyi, sai an ɗaga shi da hannu biyu kafin a ga hanji. Wannan na cikin shi ne abin tsoro. Jinin da ke fitowa daga gare shi kai tsaye hanta yake nufa kafin ya zaga sauran jiki, don haka duk abin da ya zuba, hanta ce ke fara sha.

Da can likitoci sun ɗauka kitse rumbu ne kawai, jiki ya ajiye rarar abinci don ranar yunwa. Ɓeraye ne suka warware wannan zato. A ƙarshen shekarun 1940, a wani ɗakin bincike a Amurka, aka sami wasu ɓeraye da ba sa ƙoshi, suna ci har nauyinsu ya ninka na 'yan'uwansu sau uku. Sai a 1994 Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller da ke birnin Niyok ya gano dalili: akwai wani sinadari da kitse ke yi ya aika cikin jini zuwa ƙwaƙwalwa, su kuwa waɗannan ɓeraye ba su da shi. Aka sa masa suna leftin. Daga nan aka gane kitse yana magana da sauran jiki, yana da 'yan aike, irin sinadaran saƙon da likitoci ke kira homon.

Saƙon leftin shi ne: rumbu ya cika, a rage ci. Gwargwadon yawan kitsenka, gwargwadon yawan leftin a jininka. Za ka ce to ai mai teɓa bai kamata ya ji yunwa ba. Abin da ke faruwa kamar mai gida kusa da injin niƙa ne, yau da gobe sai kunnensa ya daina jin ƙarar. Ƙwaƙwalwa ta toshe kunne, yunwa tana nan yadda take, leftin kuwa ya cika jini. Su kuma ƙwayoyin halittar da ke shimfiɗe a bangon hanji suna da ƙofar karɓar wannan saƙo, kuma a ɗakin gwaji an ga leftin yana sa su hayayyafa da sauri, yana hana waɗanda suka lalace mutuwa a kan lokaci.

Ɗan aike na biyu, adifonektin, an gano shi tsakanin 1995 da 1996 a Amurka da Osaka ta Japan. Shi birki ne. Yana taimaka wa jiki sarrafa sukari, yana kwantar da kumburi, yana ce wa ƙwayoyin halitta su dakata da girma idan babu buƙata. Abin mamakinsa, kitse ne ke yin sa, amma da zarar kitsen ciki ya yi yawa sai ya ragu. Masu bincike na Jami'ar Harvard sun ɗebi jinin maza fiye da dubu 18 suka ajiye, suka bi su shekaru, suka fitar da sakamako a 2005: waɗanda adifonektin ɗinsu ya fi ƙasa su suka fi kamuwa da dajin hanji. Ka ga mota ce a gangara, an danna totur, birki kuma ya yi sanyi.

A nawa ganin, wanda ya fi su duka nauyi a wannan magana shi ne insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini. Kitsen ciki yana sa hanta da tsoka su daina saurarensa, sai jiki ya riƙa zuba shi ninki biyu, ninki uku, don sukari ya zauna daidai. Mutum zai yi shekaru a haka, awon sukarinsa lafiya ƙalau, alhali jininsa cike yake da insulin. Shi kuwa insulin, bayan aikin sukari, umarni ne na girma, kuma yana ƙara ƙarfin wani sinadarin girma da hanta ke yi. Shi ya sa masu ciwon sukari irin na manya suka fi sauran mutane haɗarin wannan daji da kusan kashi 30 cikin 100. Akwai alamar da ake gani da ido: ka sa Hajiya ta duba maka ƙeya da hammata. Idan fatar wurin ta yi duhu fiye da sauran jiki, ta yi kauri da laushi, ana cuɗa da soso ba ta fita, sau da yawa yawan insulin ne.

Sai kumburi. Ƙwayar kitse idan ta cika ta wuce iyaka, jini ba ya isarta, sai ta fara mutuwa. Sojojin jiki su taru a kanta don su share, su kuma riƙa zuba sinadaran faɗa cikin jini. An fara nuna wannan a 1993, aka ƙara tabbatar da shi a 2003. Ba irin kumburin ƙurji ba ne mai zafi da raɗaɗi. Wutar ƙaiƙayi ce, babu harshe, babu hayaƙi, tana ci ta ƙasa shekara da shekaru.

To me ya sa hanji? Domin shimfiɗar cikinsa ba ta hutawa. Ƙasa da mako guda take yi ta sabunta gaba ɗaya, tun ranar haihuwa har ranar mutuwa. Duk ƙwayar da za ta rabu biyu sai ta kwafi littafin umarnin da ke cikinta, harafi da harafi. Ka ɗauki marubucin da ke kwafar littafi da tawada, ga mutum uku a kansa suna cewa yi sauri, mai duba masa kuskure kuma an sallame shi. Dole wata rana ya tsallake layi. Kuskuren farko yakan haifar da ɗan tsiro a bangon hanji, kamar ƙwayar wake, ba ciwo, ba alama. Akasarin irin waɗannan tsiro haka suke zama. Kaɗan daga ciki ne kurakurai ke taruwa a kansu har su rikiɗe su zama daji, kuma wannan tafiya takan ɗauki shekara 10 ko fiye. Ka riƙe wannan lissafi na shekara 10, zan dawo kansa.

Wannan ciwo shi ne na uku wajen yawa a duniya, na biyu wajen kisa a cikin cututtukan daji. A 2022 ya kama mutum wajen miliyan 1.9, ya kashe wajen dubu 900. A da, a ƙasashenmu da wuya a gan shi. Wani likitan tiyata, Denis Burkitt, da ya yi shekaru yana aiki a Uganda, ya lura da haka, ya ce sirrin yana cikin dusa da ganye da wake da mutanen karkara ke ci. A 2015 aka gwada maganarsa ta hanya mai kyau: baƙaƙen fata 20 na birnin Pittsburgh a Amurka da mutanen karkara 20 na Afirka ta Kudu suka yi musayar abinci na mako biyu. Aka leƙa hanjinsu kafin da bayan. Cikin mako biyun nan kawai, 'yan Amurkan da suka koma kan masara da wake da ganye, kumburin hanjinsu ya ragu, saurin hayayyafar ƙwayoyin ya sauka. 'Yan Afirkan da aka ɗora kan nama da maiƙo, nasu ya tashi. Dalili kuwa, ƙananan halittun da ke zaune a hanji suna cin harzar abinci su fitar da wani sinadari da shimfiɗar hanji ke rayuwa da shi. Idan maiƙo ya yi yawa, ruwan matsarmama suke juyawa ya zama abu mai ƙona bango.

Duk lokacin da na tuna wannan gwaji sai in dubi garinmu. Mahaifinku mai yiwuwa da tuwon muskuwari da miyar kuka ko yakuwa ya tashi, yana tafiya kasuwa da ƙafa. Kai yanzu fa? Da safe burodi da shayi mai ƙwayar sukari huɗu. Da rana farar shinkafa tana ninƙaya cikin man auduga, da lemon kwalba mai sanyi saboda zafin Garwa. Ƙaramar kwalba ɗaya tana ɗauke da sukari wajen ƙwaya 7. Da dare tsire. Daga ƙofar gida zuwa ƙofar shago a kan babur. Musayar abincin nan da aka yi na mako biyu, mu mun yi ta ne cikin shekara talatin, kuma ba mu koma ba. Ga shi har yanzu idan mutum ya ajiye tumbi sai a ce ya samu, idan amarya ba ta yi ƙiba ba a ce miji ba ya kula da ita. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ƙwayoyin sa ƙiba da ake sayar wa 'yan mata a kasuwa. Wasunsu maganin kumburi ne mai ƙarfi, kuma kitsen da suke tarawa daidai na ciki ne, da hawan jini da ciwon sukari a biye.

Yanzu, Alhaji, ga abin da na fi so ka ji, don ya fi maganar teɓa gaggawa. A cikin wasiƙarka, abin da ya tsayar da ni shi ne Yaya da shekarunsa. Wanda mahaifinsa, mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa na jini ya yi wannan ciwo, haɗarinsa ya ninka kusan sau biyu. Teɓa ta ƙara maka kashi 30, jini ya ƙara maka kashi 100. Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce, irinka a fara leƙa masa hanji yana shekara 40, ko shekara 10 kafin shekarun da aka gano na ɗan'uwansa, duk wanda ya riga zuwa. Kana da 46. Lokacinka ya yi har ya gota. Ƙannenku da yayyenku, maza da mata, masu ƙiba da sirara, duk wannan magana ta hau kansu, kuma kai ne za ka kai musu ita.

Awon ana kiransa kolonoskofi: siririyar tiyo mai kyamara a baki, ana bi da ita ta dubura a duba babban hanji daga farko har ƙarshe. Na san abin da zuciyarka ta ce, domin kullum ina jin sa daga bakin dattawa: kunya. Neman lafiya ba ya zubar da girma, ana rufe mutum da zane, ana ba shi maganin da ke sa gyangyaɗi, aikin yakan ɗauki wajen rabin awa. Amfaninsa kuwa yana cikin shekara 10 ɗin nan da na ce ka riƙe. Idan aka ga tsiro, nan take ake zarge shi da ɗan madauki a cire, dajin da zai zo kana da shekara 55 an tumɓuke shi tun yana iri. Ko da an tarar ya riga ya zama daji, wanda aka kama bai fita daga bangon hanji ba, mutum 9 cikin 10 suna nan da ransu bayan shekara 5. Wanda ya kai hanta ko huhu, ba su kai 2 cikin 10 ba.

Abin da ke kashe mutanenmu shi ne kalmar basir. Na taɓa karɓar wani magidanci da ya yi wata 14 yana ganin jini a bayan gida. Ya sha sassaƙe, ya sha jiƙo, ya je wani ƙaramin asibiti sau uku ana ba shi maganin atini, babu wanda ya sa safar hannu ya duba shi. Ranar da ya zo wurina, da yatsa ɗaya na taɓa ƙarin. Har yau ina tuna yadda ya dube ni ya ce, "Likita, da ma abin kusa yake haka?" Gaskiya ne a yankinmu basir da atini da tsargiyar hanji, musamman ga masu shiga ruwan Binuwai da Lagdo, su suka fi kawo jini. Amma mutum yana iya samun basir da daji a lokaci guda. Jini ko majina a bayan gida, sauyin fita da ya wuce mako uku, yau gudawa gobe taurin ciki, jin kamar ba a gama ba bayan an gama, ƙarancin jini ga namiji ba tare da dalili ba: kowanne daga ciki ya isa a ce a duba. Haka idan ka ga wandonka ya fara yi maka yawa alhali ba ka canza ci ba, kada ka yi murna, ka zo asibiti.

Sai maganar rage tumbin. Bisa lissafin nauyi da tsawo, naka ya kama 32, kuma daga 30 ake kiran mutum mai teɓa. Amma na fi yarda da tef ɗin tela a kan sikeli. Ka tsaya, ka saki numfashi, a zagaya tef ɗin daidai cibiya, ba ƙasan tumbi inda mazagi ke zama ba. Ga namiji, daga santimita 94 an fara shiga haɗari, 102 kuwa an yi nisa. Ga mace 80 da 88. Hanya mafi sauƙi, ƙugu kada ya kai rabin tsawo, naka ke nan ya zauna ƙasa da 86. Ba na cewa ka kai can cikin wata uku. Ka fara da kilo 5 zuwa 9 cikin wata shida. Albishir ɗin shi ne kitsen ciki yakan riga na ƙarƙashin fata narkewa, kuma wannan ɗan ragin ya isa insulin da leftin su sauka.

Ka fara da abin sha, nan ne riba ta fi sauri: lemon kwalba ya koma na ranar biki, sukarin shayi ya sauko daga huɗu zuwa ɗaya, zoɓo a rage masa zaƙi. Dawa da gero da ba a surfe su fes ba su dawo kwanon rana, wake ya shiga sau uku ko huɗu a mako, miyar zogale da tafasa da kuɓewa a yi ta da kauri, a rage mai. Jan nama kada ya wuce rabin kilo dafaffe a mako. Kifi kuwa Allah ya hore muku shi. Hukumar nan ta Liyon ta bayyana a 2015 cewa naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi don ajiya, cin giram 50 kullum yana ƙara haɗarin dajin hanji da kashi 18 cikin 100, don haka kilishi ya zama na marmari, tsire kuma a bar wurin da ya ƙone baƙi. Taba da giya duk suna ƙara wannan haɗari. Ma'aunin ci kuwa kun san shi tun a makarantar allo: sulusi abinci, sulusi ruwa, sulusi numfashi.

Tafiya a ƙafa tana da nata aikin ko sikeli bai motsa ba, domin tsokar da ke aiki tana shan sukari ba tare da jiran insulin mai yawa ba. A 2025 an fitar da sakamakon wani gwaji a kan mutum 889 da aka yi wa aikin dajin hanji, akasarinsu a Kanada da Ostareliya. Rabin da aka ɗora kan motsa jiki na shekara uku, mutuwa a cikinsu ta ragu da kashi 37 cikin 100. Yawancinsu tafiya ce kawai mai sauri. Kai minti 30 a rana, kwana biyar a mako, ya ishe ka farawa. A zafin watan Maris da Afrilu ba mai iya wannan da rana, sai ka ɗauke shi bayan sallar asuba, kafin ka buɗe shago.

Cikin wannan watan ka je babban asibiti ka nemi likitan ciki ko na tiyata. Ka faɗa masa da bakinka: yayana uwa ɗaya uba ɗaya, dajin babban hanji, yana da shekara 52. Ka tafi da takardun jinyar Yaya idan suna hannun iyalinsa, musamman sakamakon awon naman da aka yanka, kuma ka tambayi tsofaffin gida ko an taɓa yin mai irin wannan ciwo, ko mace mai dajin mahaifa, domin akwai nau'in da ke bin zuri'a. A auna maka sukari da yawan jini a tafiya ɗaya. Idan ba a yin awon kusa da kai, kuɗin jirgin ƙasa daga Ngaundare zuwa Yawunde bai kai kuɗin kwana uku na irin jinyar da kuka yi bara ba. Ana gobe awon za a ba ka maganin wanke ciki, lita uku ko huɗu, ba shi da daɗi, amma ka shanye shi duka, don hanjin da bai wanku ba yana ɓoye tsiro. Idan aka tarar babu komai, saboda tarihin Yaya sai ka koma bayan shekara 5.